Hanyar Shanun da Baba Ya Bari a Gonarsa

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Baba ya koma ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, kansa a kan cinyata. Ni kaɗai na rayu a cikin 'ya'yansa, ni kaɗai ce kuma a ɗakin.

Mutane sun zo, ba zan ci haƙƙinsu ba. Gidan da ya shekara tara ba ya ganin ƙafar baƙo sai ta mai neman aron turmi, sai ga shi ya cika har waje. An zo daga Gagarawa, an zo daga Ɗanzomo, abokan aikina malaman firamare suka ciko mota daga Gumel. Kowa ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" na ce, "Da godiya." Amma ni malamar makaranta ce, kunnena ya saba tsintar maganar da ake yi a bayan aji. Na ji wata tana cewa, "Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai." Na ji wata ta ce, "Yanzu dai a samu a rufe maganar nan." Matar Bulama, wato mai garinmu, ta gyara mayafi ta ce, "To, ya huta. Mu ma..." sai ta haɗiye sauran.

Na ce, "Ƙarasa mana, Hajiya. Ku ma kun huta, ko?"

Ƙanwar mahaifiyata ta mintsine ni a cinya. Na san gidan makoki ba wurin wannan ba ne, Allah ya yafe mini, amma ko yau aka sake faɗa zan sake tambaya.

Mutum biyu na gani da kuka na gaske. Ɗaya Iya ce, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen gari tun rasuwar mijinta. Ta zauna a bakin murhu, hawaye kawai ke bin tamojin fuskarta. Ɗayan kuma Arɗo ne, shugaban Fulanin rugar da ke arewa da mu. Da ƙafa ya zo, ya ƙi hawa tabarma. Ya sa aka kira ni bakin zaure, ya yi gaisuwa idonsa jawur, ya juya zai tafi, sai ya dawo.

Ya ce, "'Yar Jakada, ki gafarce ni, yau ba ranar tambaya ba ce. Hanyar fa?"

Kafin in buɗe baki, wata a-kori-kura ta tsaya ana sauke buhunan shinkafa da jarkokin mai. Wai sadaka ce daga Alhajin birni, mai katafariyar gonar nan da waya mai ƙaya ta kewaye, wadda ta ci gabas da yammacin garinmu. Shi da Arɗo abu ɗaya ya kawo su. A gefen gonar Baba akwai wani zirin fili da ya bari ba ya shukawa, kuma nan kaɗai ya rage a buɗe, inda shanu ke bi su sha ruwa a tafki. Alhaji yana so ya haɗe wayarsa ta gabas da ta yamma ya rufe tafkin don noman rani. Baba ya shekara tara yana hana shi. Ranar nan, tun ba a share ƙasar kabari daga ƙafafun mutane ba, maganar ta faɗo kaina.

Bari in faɗi wane ne Baba, don na ga alamar so ake a binne labarinsa tare da shi.

A garinmu, idan magana ta haɗa mu da wani gari, ko da makiyaya, ko da wani babba, Bulama ba ya zuwa da kansa. Jakada yake turawa. Baba ya yi wannan aiki fiye da shekara talatin a kan wani baƙin keke da gari ya haɗa hannu ya saya masa. Yana jin Fulatanci kamar a ruga aka yanke cibiyarsa, ya iya Hausar mutanen Damagaram har da 'yan kalmominsu na Faransanci, don haka ko shanun wani suka ɓace suka tsallaka iyaka ta Maigatari, shi ake turawa. Bai gaji sarauta ba, bai yi boko ba. Abin da yake da shi ido ne da riƙon magana.

Yana da ƙa'idojinsa da ba wanda ya koya masa. Ba ya shan ruwan gidan da aka aike shi sai ya sauke saƙo. Ba ya isa a lokacin da ake jiransa, sai ya riga. Kuma duk inda ya je, sai ya nemi a nuna masa wurin alwala, ko da kuwa yana da alwalarsa, don kawai ya ratsa cikin gidan ya ga abin da ba a shimfiɗa a zaure ba. Yakan ce mini, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa na ci, "ni ba na ƙari, ba na ragi. Amma in na dawo, labari biyu nake bayarwa. In faɗi abin da aka ce mini, sannan in faɗi abin da na gani." Tun ina ƙarama nake dariyar wannan alwala tasa ta ƙarya, shi ma ya taya ni, ya ce ai sabunta alwala lada ne.

Akwai wani labari da ya ishe mu da shi, har mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce, "Malam, yau ma Jamus za mu ci da tuwon?" Mahaifinsa yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa soja zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya dawo da kunne ɗaya a toshe da tarin da bai rabu da shi ba har kabari. Baba ya ce ya taɓa tambayarsa abin da ya haɗa faɗan, tsohon ya ce, "Oho. An ce mu hau jirgi, muka hau." Wannan amsa ta tsaya wa Baba a rai. Ya yi shekaru yana tsintar labarin, wani a rediyo, wani a bakin wani tsohon malamin tarihi a Gumel, har ya haɗa shi. Kuma in zai ba da shi, sai ka ce rikicin iyakar gona yake faɗa.

"Wani shugaba aka yi a Jamus, mai haɗama. Ya haɗiye maƙwabciya ɗaya, aka yi shiru. Ya ce a ba shi gefen wata, daga nan ba zai ƙara ba. Manyan Ingila da Faransa suka taka har wurinsa, suka zauna, suka yanka masa. Masu ƙasar kuwa, Uwata, ba a shigar da su ɗakin ba. Sai da aka gama aka kira su aka faɗa musu. Na Ingilan ya koma gida da takarda a hannu, ana ta yi masa tafi. Kafin shekara ta zagayo, mutumin ya lanƙwame sauran ƙasar, yaƙi ya kama, har wutar ta zo ta ɗauki manomi daga ƙasar Gumel."

Amma ba manyan ne suka dame shi ba. An ce masa akwai jakadu da ke zaune a can, suna ganin ana ƙera makamai ba hutu, suna rubutowa gida cewa kada a yarda da mutumin nan. Aka karanta takardunsu aka ajiye. Su yake tausayi. Yakan ce bai san sunan ko ɗaya ba, amma yana jin da sun haɗu da sun fahimci juna.

Alhaji ya zo garinmu da fara'a. Ya sayi filin yamma daga hannun waɗanda suka sayar da son ransu, ba wanda ya ce uffan. Sai ya ce gonar Iya ta shigo masa kwana, tana ɓata masa layi. Iya ta ce gonar mijinta ce, ba ta sayarwa. Sai saƙo ya zo cewa yana da takarda daga sama da ta ba shi har bakin tafki, amma shi mai son zaman lafiya ne, in aka ba shi ta Iya ya bar sauran, ya kuma haƙa wa gari rijiyar burtsatse. Bulama ya tura Baba.

Ni ina gida lokacin, hutun makaranta ne, kuma katangar zauren Bulama da ta gidanmu ɗaya ce. Na ji komai. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da aka ce mini: ya rantse daga gonar Iya ba zai ƙara taki ɗaya ba. An shimfiɗa mini darduma, an yanka mini kaza." Dattawa suka yi hamdala. Ya bari suka gama, sannan ya ce, "Abin da na gani kuma: na nemi wurin alwala. A bayan ɗakin ajiyarsa akwai naɗin waya da turakun siminti an lulluɓe da tamfal. Na bi gefensu da ƙafa. Ranka ya daɗe, wayar da na gani ta isa ta zagaye garin nan har da maƙabarta. Mai son gonar Iya kaɗai ba ya sayen wannan."

Kai, ranar na ji yadda ake yi wa mutum ca. Wani ya ce mai kuɗi ai sari yake yi. Wani ya ce zato zunubi ne. Liman ya yi nasiha a kan falalar sulhu. Bulama, mutum mai sanyi da ba ya son ganin ɗan sanda a ƙofarsa, ya ce mu ƙananan mutane ne, da wa za mu ja? Baba ya ce, "To ina Iya? Gonarta ake magana." Aka ce ai mace ce, kuma tsohuwa, a gama sai a sanar da ita. Tana nan zaune a gindin bedi a waje, da 'yar sandarta, tun safe.

Aka yanke a ba shi gonar. Kuma wa za a aika ya faɗa mata, ya kuma kai wa Alhaji amsa? Jakada.

Ya je. Wannan shi ne abin da bai taɓa yafe wa kansa ba. Ya durƙusa gabanta ya faɗi saƙon yadda aka ba shi, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya ce ta ɗago ta dube shi ta ce, "Har da kai?" Bayan shekaru, in ya tuna, sai ya dafe baki ya ce, "Da wannan bakin, Uwata. Da na ce ba zan je ba, me za a yi mini?" Tun daga kakar shekarar, damin farko da ya fito daga gonarsa rumbun Iya yake zuwa. Da kansa yake ɗauka a ka, tun mutane ba su fito ba balle a gani. Ta shekara biyu ba ta amsa gaisuwarsa. Bai fasa gaisuwar ba, bai fasa damin ba.

Ni ma ina da nawa kason, kuma gara in faɗa da bakina. Da aka tashi rubuta yarjejeniya aka nemi mai kyawun rubutun boko, aka ce ga malama a gida. Na zauna na zana ta tsaf, har da ja layi. Yayana, ɗan wan Baba, shi ya kai birni a babur ya dawo da ita an sa hannu, yana ɗaga ta sama yana danna oda tun daga bakin titi, mata na guɗa. Na kai wa Baba kwafin ina jin kaina. Ya juya ta, shi da ba ya karanta boko, ya miƙo mini ya ce, "Rubutunki ya yi kyau." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Damina ɗaya aka yi. Ta biyu ba ta sauka ba sai da waya ta hau burtali, tsohuwar hanyar da shanu ke bi tun kakannin kakanni. Aka sake tura Baba. Wannan karon ba darduma, a rana aka bar shi tsaye har azahar, yaron gida ya fito ya ce Alhaji ya ce burtali ba gonar kowa ba ce. Baba ya dawo ya ce a haɗa kai da Arɗo da garuruwan maƙwabta, a je wurin dagaci, a je kotu, tun wayar ba ta yi nisa ba. Aka ce ga ruwan burtsatse na zuba, kai kana neman a kashe mana? Aka ce burtali ai na Fulani ne, su ta shafa. Aka ce je ka ce masa mun ji, amma don Allah wannan ta zama ta ƙarshe.

Baba ya miƙe. Ya fita, ya turo baƙin keken nan har cikin zaure, ya jingine shi a bango, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a nemi wani." Ya tako gida da ƙafa.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, ko da yake ba a son faɗa. Shanu suka rasa hanyar ruwa, suka faɗa gonakin mutane gero na bununi. Aka fito da sanduna. Aka fasa wa Yayana kai, har yau tabon na nan. Samarinmu suka je suka cinna wa bukkoki biyu wuta a ruga. Mutanen da muke ba su dusa su ba mu nono, waɗanda matansu suka yi mini kitso ina yarinya. 'Yan sanda suka zo suka kwashi na kwasa, Alhaji kuwa ko a jikinsa, yana cikin wayarsa.

Kwana uku da wannan, da sassafe, Baba ya shiga gonarsa ya kama tuge gero. Gero mai kai, wanda saura kaɗan a yanka. Ya tuge kunyoyi bakwai daga arewa har bakin tafki, ya saro ƙaya ya jera dama da hagu, ya taka ruga ya ce wa Arɗo ga hanya. Mutane suka tsaya a bakin gona suna kallo, wasu na cewa ya taɓu.

Daga ranar aka yaye masa tabarma. Ba wanda ya zage shi a fuska, garinmu ba a haka. An ce dai ya zaɓi Fulani a kan jininsa, ga kan ɗan wansa a ɗaure. An ce yana tsokano mana fushin mai ƙarfi. A unguwarmu magidanta ciyayya suke yi, bayan magariba kowa ya fito da kwanonsa a haɗu a ƙofar gida ɗaya a ci tare, kuma ƙofar Baba ce matattara tun ina yarinya. Sai aka koma ƙofar wani. Baba bai bi su ba, bai kuma koma cikin gida ba. Kullum sai ya shimfiɗa babbar tabarmar nan ta mutum takwas, ya ajiye kwanonsa a tsakiya, ya ci shi kaɗai, ya naɗe. Da maganarsa ta ci gaba da tabbata, maƙwabtan gabas suka yi ta sayarwa ɗaya bayan ɗaya waya na matsowa, na ɗauka za a dawo a ce masa ka yi gaskiya. Ina! Sai ma aka ƙara nisa da shi. Ashe mutane sun fi jin haushin wanda ya faɗa musu tun farko.

To ni fa, 'yarsa? Na zo daga Gumel wata Juma'a na tarar da shi a kan tabarmar nan, zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Baba, kai kaɗai ne mai hankali a garin nan? Ka asarar da gero, ka asarar da mutane, a kan shanun da ba naka ba! Ka ba Alhaji hanyar mana ka huta, mu ma mu ɗaga kai a cikin dangi!"

Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ce, "Na taɓa ba shi ta wani, Uwata. Kin ga ya ƙoshi?"

Na ce, "To sai ka mutu kai kaɗai."

Haka na ce wa mahaifina. Na ɗauki jakata na hau mota, na yi wata biyar ban taka garin ba. Da na dawo bai tayar da maganar ba, ya tambaye ni yara, ya sa aka kamo mini zabuwa. Ni ma ban tayar ba, ban kuma ce ya yafe mini ba. Na mayar da zuwana na sallah da sallah, sai ɗan aike da sabulu da sukari. Ina ce wa kaina aiki ne ya yi yawa. Gumel ce fa, ba Makka ba.

Rediyonsa ne abokin hirarsa a shekarun nan. In na zo nakan same shi ya kara shi a kunne, duk inda aka ce wata babbar ƙasa ta jibge sojoji a iyakar ƙarama ana ta zaman sulhu, sai ya girgiza kai ya ce, "Allah ya sa suna da mai zuwa alwala." Sai kuma Arɗo, da kan tsaya daga kan hanya su yi Fulatanci, da Iya, wadda daga baya ta huce har takan aiko masa da kunu.

Da ciwo ya kwantar da shi na dawo gaba ɗaya, don mijina ya riga shi tafiya, 'ya'yana kuma sun kama gabansu a Kano. Na yi zaton zai yi mini wasiyya a kan gonar, ya ɗaure ni da rantsuwa. Na ma shirya abin da zan ce. Ana jibi zai rasu ya kira ni bayan la'asar, muryarsa ta dushe.

Ya ce, "Ba zan ce ki riƙe ba. Na san nauyinta, ke kuma mace ce ke kaɗai. Abin da na gani kawai zan faɗa miki. Zuwana kasuwa na ƙarshe na zauna a rumfar maƙera. Bazara ce, lokacin fartanya da sungumi. Adda na ga ana bugawa, da kan mashi. Namu na saya, na ruga na saya. Wancan karon da sanduna aka yi. Ranar da hanyar nan ta rufe, ba sanduna za a fito da su ba."

Na ce, "Baba, ka yafe mini maganar da na faɗa maka."

Ya ce, "Wacce?" Ya yi murmushi. Har yau ban sani ba ko ya manta ne ko ya rufa mini asiri.

Bayan addu'ar bakwai malami ya zo rabon gado. Rabi nawa, rabi na Yaya, tunda ba ɗa namiji, ba ɗan'uwa a raye. Aka auna gonar da igiya aka raba ta gida biyu. Ɗaya ɓangaren shi ne mai gawo, mai taki, inda gero ke fin mutum tsayi. Ɗayan shi ne mai hanya, ƙasar da kofato ya daddage ta yi tauri kamar daɓe. Yaya ya ce, don kara, in fara zaɓa. Kowa ya san abin da mai hankali zai ɗauka.

Na ce, "Mai hanyar nake so."

Yaya ya cire hula, tabon nan ya fito. Ya ce, "Ke dai ba ki da tausayi. Kina da albashi, ni ina da baki goma sha a gida. Shi Alhaji duka yake so, in ba da hanyar ba, ba zai saya da daraja ba. Sai kin ja mana abin da Baba ya ja mana?"

Na ce, "Yaya, wa ya fasa maka kai? Hanya ce ta fasa, ko rashinta?"

Ya mayar da hularsa. Ba mugu ba ne, tsoro ne da talauci, kuma na san su duka biyun. Bai yi wata ba ya sayar da nasa yadda aka taya. Yanzu waya na dama, waya na hagu, gonata ta zama kamar harshe a tsakanin haƙora. Na nemi a dawo da ni makarantar da ke kusa, aka dawo da ni. Da ruwa ya sauka na shuka abin da ya shuku, na bar kunyoyi bakwai, na sake jera ƙaya da hannuna har ta tsattsage mini tafi. Damin farko na kai wa Iya.

Mutanen Bulama sun zo sau uku. Sabon jakadan Bulama ne ke zuwa a kan babur, yaro mai ladabi, ya sha ruwa tun bai zauna ba. Yanzu ba sayarwa suke nema ba. Wai ƙofa kawai za a sa a bakin hanyar, don tsaro, makulli a hannun Bulama, kuma daga wannan Alhaji ya rantse ba zai sake neman komai ba. 'Ya'yana na bugo waya suna cewa, "Mama, ƙofa ce fa kawai." Ni ma, in faɗi gaskiya, akwai ranar da na zauna na ce ƙofa ce fa kawai. Na gaji. Gwiwoyina na ciwo, kuma ba a gina ni da irin ƙasar da aka gina Baba ba.

Jiya aka yi suna a gidan Yaya, jikarsa ta fari. Ba a aiko mini da goro ba. Katanga biyu ce tsakaninmu, ina jin guɗa, ina jin muryoyin matan da muka yi tashe tare, ina jin ƙamshin waina. Na yi wanka na sa atamfata mai kyau na zauna a tsakar gida, wai ko mantuwa aka yi, ko za a turo a ce in zo. Har la'asar ta yi sanyi. Na tashi na cire atamfar na ninke.

A nan kukan da ban yi ba ranar rasuwa ya zo mini. Wata shida kacal na yi a cikin abin nan, Baba, har ina neman sarewa. Kai shekara tara ka yi, kuma 'yar da ka haifa tana Gumel tana aiko maka da sabulu. Ina so in tambaye ka yadda ake yi, yadda mutum ke tashi da safe ya gai da waɗanda ba sa amsawa, ba kuma wanda zan tambaya. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya haɗa ka da mutanen da za su zauna su ci tare da kai. Ni kuma ya ara mini ƙarfin gobe kaɗai, don mutanen Bulama sun ce da hantsi za su dawo, kuma wannan karon da Liman za su zo.